Banki da kasuwar hannun jari: wa ke ɗaukar nauyi idan buƙatar kuɗi ta zo ba shiri?

A ƙarshen watan Maris na 2024, Babban Bankin Najeriya ya umarci bankunan kasuwanci su ƙara jari: naira biliyan 500 ga mai lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga mai aiki a faɗin ƙasa, biliyan 50 ga na shiyya, aka kuma sa wa'adin 31 ga Maris 2026. Dokar ta ce tsohuwar ribar da banki ya tara ba za ta shiga lissafi ba, sai kuɗin da masu hannun jari suka zuba. Wannan ne ya kora bankuna kasuwar hannun jari suna tallar sababbin hannaye. Bayan 'yan makonni, hukumar inshorar ajiya, wato NDIC, ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya idan bankin kasuwanci ya durƙushe daga naira 500,000 zuwa miliyan 5.

Mutane da yawa sun rikice. Bankin da ke riƙe da tiriliyoyin ajiyar jama'a, me ya kai shi neman kuɗi a kasuwa? Mai ajiya da mai hannun jari a banki ɗaya, ba duk kuɗi suka ba shi ba? Amsar tana cikin wata tsohuwar muhawara ta masana tattalin arziki a kan yadda banki da kasuwa ke raba wani haɗari tsakanin mutane, har ma tsakanin tsarar da ke tafiya da wadda ke tasowa.

## Wane haɗari ake nufi?

Duk aikin da ke kawo riba mai kauri yana cin lokaci. Masana'antar siminti, tashar lantarki, gonar rake da injin sukari, babu wanda ke dawo da jarinsa cikin wata shida. Shi kuwa mai kuɗi bai san ranar da rashin lafiya, gobara ko kuɗin makaranta za su taso masa ba. Idan buƙata ta zo kafin aikin ya nuna, dole ya karyar da abin da ya mallaka. Wannan shi ne haɗarin ƙamfar tsabar kuɗi: dukiya tana nan, amma mayar da ita kuɗi a yau sai da asara.

Ya bambanta da karayar arziki. Wanda bashinsa ya fi dukiyarsa ya karye. Wanda dukiyarsa ta fi bashinsa amma ba shi da abin biya a yau, ƙamfa ce ta same shi, ko da yake ƙamfar kan kai mutum ga karaya idan ta tilasta masa sayar da komai a wulaƙance. Kada kuma a haɗa shi da ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Wancan matsalar sauya takardun kuɗi ce, ba wai bankuna sun rasa abin biya a littattafansu ba.

Kalmar tsara a nan ba ta tsaya ga iyaye da 'ya'ya ba. Ana nufin duk rukunin da ya shigo da kuɗinsa a lokaci guda. Kullum akwai masu fara tari da masu fara cin abin da suka tara, kuma zamaninsu yana haɗuwa. A kan wannan haɗuwar aka gina banki da kasuwa baki ɗaya.

## Lissafin banki idan tsara ɗaya ce

Douglas Diamond da Philip Dybvig ne suka tsara bayanin da aka fi dogara da shi, a 1983, kuma aikin na daga cikin abin da ya ba su kyautar Nobel a 2022 tare da Ben Bernanke. Ga misali da alƙaluman da aka ƙirƙira don sauƙin fahimta.

Mutum 100 kowa yana da naira 100,000, jimla miliyan 10. Akwai aikin da idan aka bar shi shekara biyu, kowace 100,000 za ta zama 180,000, idan kuwa aka janye bayan shekara ɗaya, uwar kuɗi kawai za a samu. An san kusan mutum 20 za su matsu a shekarar farko, amma ba a san su wane ne ba. Idan kowa ya yi gaban kansa, wanda ya matsu zai tashi da 100,000, wanda ya yi sa'a da 180,000.

Banki sai ya haɗa kuɗin ya yi alkawarin naira 115,000 ga duk wanda ya zo a shekarar farko. Mutum 20 za su ɗebi miliyan 2.3. Ragowar miliyan 7.7 za ta girma zuwa miliyan 13.86, a raba wa mutum 80, kowa ya samu 173,250. Masu haƙuri sun yafe kusan naira 7,000 kowannensu domin wanda ya matsu ya ƙaru da 15,000. Tun da ranar ajiya babu wanda ya san ɓangaren da zai faɗa, cinikin ya yi wa kowa. Inshora ce, ko da ba a kira ta da sunan ba.

Lahaninsa yana nan a cikin lissafin. Idan jita-jita ta sa duka 100 suka zo a shekarar farko, miliyan 10 za ta biya mutum 86 cif, na 87 ya samu saura, 13 na ƙarshe su koma hannu rabbana. Kowa ya san haka, don haka da zarar an ga layi ya fara tsawo, mai hankali ma shiga yake yi.

## Idan sababbi suna shigowa kowace shekara

Yanzu a ce kowace shekara wasu mutum 100 suna kawo tasu miliyan 10. Banki ba ya buƙatar katse wani aiki. Idan tsarin ya zauna da gindinsa, duk shekara akwai aikin da aka zuba wa miliyan 10 shekara biyu baya, ya nuna, ya kawo miliyan 18. Daga ciki za a biya mutum 20 na bara da suka matsu, da 80 na bara waccan da suka jira. Sabon kuɗi kuma ya tafi sabon aiki gaba ɗayansa.

A takarda, ana iya ba kowa 180,000, mai gaggawa da mai haƙuri. A aikace ba zai yiwu ba, domin mai wayo zai cire kuɗinsa bayan shekara ɗaya ya sake ajiye shi a matsayin sabon shiga, ya ci sau biyu. Dole a rage rabon mai fita da wuri yadda wannan dabara ba za ta biya ba. A misalinmu iyakar tana wajen 138,000 ga mai fita da wuri, da 190,500 ga mai jira.

Kasuwar hannun jari ita ma tana magance matsalar, ta wata hanya. Wanda ya matsu ba ya rusa masana'anta, takardarsa yake sayar wa sabon shiga. Farashin zai tsaya inda sabon shiga ba ya ganin bambanci tsakanin sayen tsohon hannu da zuba kuɗi a sabon aiki, wato wajen 134,000. Mai jira ya samu 180,000. Duk alƙaluman biyu sun gaza na banki, kuma dalilin a fili yake: wani kaso na kuɗin sabuwar tsara ya tafi sayen tsofaffin takardu daga hannun masu fita, bai shiga sabon aiki ba.

Sai dai wannan fifikon na banki ba kyauta ba ne. Kafin a kai ga shekarar da miliyan 18 ke shigowa a kai a kai, sai wasu na farko sun karɓi ƙasa da haƙƙinsu an gina asusu da ragowar. Tsarar farko ta shuka, ta baya ta girba. Kuma tsarin yana tsaye ne muddin sababbi suna ci gaba da zuwa. Wannan bai mayar da banki irin kamfanonin damfara masu biyan tsoho da kuɗin sabo ba, domin a bayan ajiyar banki akwai basussuka da kadarori masu kawo riba ta gaske. Amma ta fuskar dogaro da masu shigowa, akwai kama.

## Shekarun yalwa da shekarun fari

Lissafin da ya gabata ya ɗauka cewa riba ba ta canzawa. A duniya kuwa akwai masifar da ke faɗa wa kowa lokaci guda, irin wadda rarraba jari a kamfanoni hamsin ba ya kare mutum daga gare ta. Franklin Allen da Douglas Gale sun yi nazarin wannan a 1997, suka kwatanta Amurka da Jamus. Lokacin tashin farashin man fetur na 1973 zuwa 1974, hannayen jari a Amurka sun zube da kusan rabi. Ba'amurken da ya yi ritaya a lokacin, wanda dukiyarsa ke kasuwa, ya sayar a kan farashin da ya tarar. Bajamushe kuwa akasarin tarinsa yana banki da kamfanin inshora, kuma adadin kuɗinsa bai ragu ba. A shekarun 1980 sai abin ya juya: kasuwar Amurka ta yi ta hawa, masu hannun jari suka kwashi riba, mai ajiya a Jamus ya ci gaba da karɓar ɗan abin da ya saba.

Bankunan Jamus sun yi aiki ne irin na rumbun tsimi. A shekarar albarka ba su raba duk abin da aka samu ba, a shekarar fari suka buɗe rumbu. Dokar ƙasar ma ta ba su damar ɓoye wani kaso na wannan tanadi a littattafansu. Kasuwa ba ta da rumbu. Farashin yau shi ne rabon mai sayarwa yau, kuma wanda ba a haifa ba tukuna ba zai iya sa hannu a yarjejeniyar tallafa wa wanda ke ritaya bana ba. Cibiya mai tsawon rai ce kaɗai ke iya tsayawa tsakaninsu.

Misalin da ya fi tsanani shi ne Japan. Ma'aunin Nikkei, mai nuna hawa da saukar farashin hannayen jari a kasuwar ƙasar, ya kai 38,915 a ƙarshen Disamba na 1989, bai sake wuce wannan matsayi ba sai Fabrairun 2024. Wanda ya sayi hannaye a ƙololuwa yana ɗan shekara 50 ya kai 84 kafin farashi ya dawo. Matashin da ya fara saye a shekarun faɗuwar ya samu kaya da araha. Asarar wancan ita ce garaɓasar wannan.

Masu hulɗa da bankin da ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa za su gane batun da sauri. A ajiyar mudaraba riba ake rabawa, kuma riba tana hawa tana sauka. Wasu bankunan Musulunci a duniya kan ware wani kaso a shekara mai kyau domin cike giɓin shekara maras kyau. Tambayar da malamai da masu sa ido suka daɗe suna yi ita ce: wanda ya rufe asusunsa kafin a taɓa tanadin, ina haƙƙinsa? Ita ce dai tambayar tsarar farko, ta sake dawowa cikin rigar fiƙihu.

## Inda tsarin ke tsagewa

Rumbu yana aiki ne idan ba a iya guje masa. Charles Jacklin ya nuna a 1987 cewa idan masu ajiya suna da damar fita su yi ciniki a kasuwa, inshorar da banki ke bayarwa tana raunana. A shekarun da kasuwa ke biyan riba mai yawa, wa zai yarda a rage masa domin wata tsara da bai sani ba? Sai ya kwashe kuɗinsa. Banki kuma, don kada a gudu a bar shi, ya daina tanadi ko ya shiga harkoki masu haɗari domin ya yi gogayya.

Gudun ma ya ƙara sauri. A Satumban 2007 an ga layin mutane a ƙofar bankin Northern Rock a Ingila. A Maris na 2023 bankin Silicon Valley a Amurka ya sanar da asarar dala biliyan 1.8 bayan ya sayar da takardun lamuni da darajarsu ta faɗi saboda tashin kuɗin ruwa. Ranar 9 ga wata aka nemi cire dala biliyan 42 ta waya da kwamfuta, washegari hukuma ta rufe shi. Yawancin kuɗin da ke cikinsa ya haura iyakar inshora ta dala 250,000, don haka masu shi ba su da dalilin jira.

Najeriya ta ga yadda ɓangarorin biyu ke jan juna zuwa rami. Bayan haɗewar bankuna ta zamanin da Charles Soludo ke gwamnan Babban Banki, wadda ta rage su daga 89 zuwa 25 a ƙarshen 2005, bankuna sun samu jari mai yawa, wasu kuma suka riƙa ba da bashi ana sayen hannayen jari da shi, har da na bankunan kansu. Ma'aunin kasuwar Legas ya haura 66,000 a Maris na 2008, ya gangaro wajen 20,000 a farkon 2009. Hannayen da aka jinginar suka zama ba su kai bashin da ke kansu ba. A 2009 Babban Banki ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin wasu bankuna, ya zuba naira biliyan 620. A 2010 gwamnati ta kafa hukumar AMCON domin ta sayi rubabbun basussuka daga hannun bankuna.

A duba yadda aka raba asarar. Masu ajiya ba su rasa kuɗinsu ba. Masu hannun jari, ciki har da ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa da suka saya lokacin da ake rububi, sun yi asara mai nauyi, wasu bankunan ma hannayensu sun tashi a banza. Ragowar kuma aka tura gaba: bankuna suna biyan harajin rabin kashi ɗaya cikin 100 na kadarorinsu duk shekara domin rage bashin AMCON, kuma wannan kuɗi a ƙarshe daga jikin abokan hulɗa da masu hannun jari na yau yake fita. Matashin da ya buɗe asusu a 2020 yana taya biyan bashin 2008. Rumbu ne a juye: an ci kafin a tara.

## Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu fifita banki suna cewa talaka ba ya iya jure hawa da saukar farashi, kuma bai kamata jin daɗin tsufan mutum ya rataya a kan shekarar da aka haife shi ba. Suna ƙarawa da cewa a kasuwa maras zurfi, damar sayarwa magana ce kawai. A kasuwar Najeriya farashin hannu ba ya motsawa fiye da kashi 10 cikin 100 a rana, kuma lokacin firgici mai sayarwa kan yi kwanaki a layi babu mai taya.

Masu fifita kasuwa suna cewa kwanciyar hankalin banki rabinsa ɓoye asara ne. Kasuwa tana faɗin gaskiya kullum, mai ɗaci ko mai daɗi. Banki kan riƙe rubabben bashi a littafi kamar lafiyayye har sai ya fashe a kan gwamnati. Tanadin da ba a gani kuma yana ba shugabanni damar rufe kurakuransu. Sannan a kasuwa babu wanda aka yi wa alkawarin adadi, don haka babu fa'idar riga wani zuwa layi irin ta banki.

Kowanne yana da gaskiya a inda ya tsaya, amma umarnin 2024 ya nuna cewa hukuma ba ta ɗauki abin a matsayin zaɓi tsakanin biyu ba. Jarin masu hannun jari shi ne katangar da asara ke fara dukawa kafin ta kai ga ajiya. Wato ana sayen natsuwar mai ajiya ne da haɗarin da wani ya yarda ya ɗauka a kasuwa, don kwaɗayin riba mafi girma. Faɗuwar darajar naira daga 2023 ta zaizaye wannan katanga idan aka auna ta da dala, shi ya sa aka ce a ƙara mata tsawo.

## Yadda abin ke shafar mutane

Mai ajiya a bankin kasuwanci yana da kariya har miliyan 5 a kowane banki, a ƙaramin banki, wato microfinance, kuwa miliyan 2. Iyakar ta mutum ce, ba ta asusu ba: asusu uku a banki ɗaya haɗa su ake yi. Da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, an bi lambar BVN aka tura wa mutane kuɗin inshorarsu a asusunsu na wasu bankuna. Abin da ya haura iyaka sai an sayar da kadarori an karɓo basussuka, ana biya kashi-kashi. Ɗan kasuwar da ke juya miliyan 40 a asusu ɗaya, miliyan 35 ɗinsa ba ta ƙarƙashin laimar inshora.

Mai neman bashi shi ma yana biyan kuɗin wannan kariya. Doka ta tilasta wa banki riƙe aƙalla kashi 30 cikin 100 na ajiya a kadarori masu saurin zama kuɗi, kuma a Satumban 2024 kason da ake kullewa a Babban Banki ya kai 50 cikin 100. Manufar wannan na biyun ita ce yaƙi da hauhawar farashi, amma sakamakonsa ɗaya ne ga mai masana'anta: abin da ya rage na bayarwa kaɗan ne, mai tsada, kuma na gajeren zango.

Ma'aikaci mai asusun fansho yana cikin kasuwa ko bai taɓa zuwa wajen dillali ba. Tsarin da aka kawo a 2004 ya ba kowa asusunsa, don haka babu rumbun da ke haɗa tsara da tsara kamar a tsohon tsarin da ma'aikatan yau ke biyan 'yan fanshon yau. Abin da aka yi a maimakon haka, tun 2018, shi ne raba asusun gida-gida bisa shekaru: 'yan ƙasa da 50 a rukunin da ke da hannayen jari da yawa, masu 50 zuwa sama a wanda ya fi karkata ga takardun gwamnati, waɗanda suka yi ritaya a mafi taka-tsantsan. Wannan yana rage yiwuwar faɗuwar kasuwa ta riski mutum a bakin ƙofar fita, amma bai ɗora asararsa a kan kowa ba.

Akwai kuma hanyar da dukiya ke ƙaura tsakanin tsararraki ba tare da banki ya rufe ko kasuwa ta faɗi ba. A Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100, yayin da ruwan asusun ajiya yake wajen kashi 8. Wanda ya ajiye miliyan ɗaya ya samu miliyan 1.08 bayan shekara, alhali kayan da miliyan ɗaya ke saye sun koma kusan miliyan 1.35. Banki ya cika alkawari, ko kwabo bai ɓata ba, kuma a kowace rana ya so zai iya cirewa. Amma kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin kuɗinsa ya koma hannun masu cin bashin naira, kuma babban mai cin bashin naira a ƙasar ita ce gwamnatin tarayya.